Tafiya da Ja-gaba: A Fara da Tsibirin Ikko

Zuwa ga Edita.

 Ina roƙo ka bar mini filina na kowane mako, ko da ya ke yau zancen nawa da ɗan tsawo.

Takardu uku sun zo mini cikin watan nan, biyu daga malaman makaranta, ɗaya daga wani akawu, tambayarsu kuwa ɗaya ce. Sun ce suna ganin talla a wayoyinsu, waɗansu kamfanoni suna kiran mutane su biya kuɗi a dunƙule, a kwashe su ƙungiya guda a kai su wani tsibiri cikin teku, a ba su masauki da abinci, a haɗa su da ja-gaba wanda zai riƙa zagawa da su yana nuna musu wurare, bayan kwana biyar ko bakwai a komo da su gida. Sunan da ya fi yawa cikin tallan nan shi ne Zanzibar. Malaman nan sun ce shekara guda ke nan suna zuba adashi, kwasa ta matso, suna so su sani: shin abin nan tafiya ce ta neman ilmi, ko kuwa hanyar rabuwa da kuɗi ce kurum?

To, 'yan'uwana, da fari dai tafiya bayan ja-gaba ba baƙon abu ba ce gare mu. Kakanninmu da su ke zuwa Gwanja ɗauko goro ba su taɓa fita ɗai ɗai ba. Ayari a kan yi, da madugu, da ja-gaba a gaba, da uban dawaki. Madugu shi ya san zango, shi ya san inda ruwa ya ke, shi ke magana da sarakunan hanya a kan fito da kuɗin ƙasa, in kuwa wani abu ya ɓace shi a ke tuhuma. Ɗaya daga cikinsu, Madugu Mai Gashin Baki, shi ya raka wani Bajamushe mai suna Flegel zuwa Adamawa, har ya bi shi birnin Berlin cikin 1884. Cikin 1934 kuma Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero sun tafi Ingila, aka yi ta zagawa da su ana nuna musu abubuwa. Cikin 1943 Malam Abubakar Imam ya tafi can tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya komo ya rubuta littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ingila ɗin nan kuwa, in an duba taswira, ai tsibiri ce. Sabo da haka ban ga abin zargi ba ga malamin da ya tara guminsa don ya je ya ga teku. Abin dubawa biyu ne: wane ne madugun, kuma wane tsibiri ne.

Zanzibar ba ni da abin kushe mata. Ƙasar Musulmi ce, ƙasar kanumfari, tana da tsohon birni na dutse wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren tarihi na duniya cikin shekarar 2000, a kudancinta kuma, a Kizimkazi, akwai masallaci mai rubutu a bango na shekara ta 500 ta Hijira, watau 1107. Amma ba da naira a ke biya a can ba, kowa kuwa ya san abin da ya sami naira tun watan Yuni na 2023. Sai an nemi biza, sai an canja jirgi a hanya, cikin Oktoba 2024 kuma hukumar tsibirin ta ɗora wa baƙi inshora ta tilas, dala 44 kowane mutum. Wanda ya ke da hali ya je, Allah ya kiyaye hanya. Wanda ya ke son ya fita waje ba da biza ba, akwai tsibirin Gore a gaban Dakar ta ƙasar Senegal, tafiyar kamar minti 20 cikin jirgin fito. Amma ni shawarata ga mai albashin malanta ita ce ya fara da tsibirin da ke cikin ƙasarsa, wanda ba a tambayarsa fasfo, wanda kuma labarin kakanninsa ke binne a cikinsa. Ikko na ke nufi.

Na san wani zai yi dariya, ya ce, "Ikko kuma? Garin cunkoso da hayaniya, inda ƙanena ke sayar da albasa a kasuwar Mil 12?" I, ita fa. Dubban mutanenmu suna zaune a Agege da Idi Araba da Obalende, waɗansu sun shekara ashirin a can, amma ka tambaye su mene ne asalin tsibirin, ko wa ya fara kai Hausawa cikinsa, sai su yi shiru. Neman abinci ya kai su, ba kallo ba. Wanda ya je da ido biyu, da mai nuna masa, abin da zai gani dabam ne.

Ainihin Ikko ɗan tsibiri ne, yana tsakanin babban tafki da teku. Mutanen wurin Eko su ke ce da shi, daga nan muka sami namu sunan. Sunan Legas kuwa mutanen Fotugal suka sa, ma'anarsa tafkuna, don jiragensu sun iso wurin tun 1472. Gada uku ke haɗa shi da tudu. Ta fari, gadar Carter, an gama ta cikin 1901. Ta biyu, gadar Eko, cikin 1975. Ta uku, wadda aka buɗe cikin 1990, tsawonta kilomita 11 da ɗoriya, duk bisa ruwa. In madugunku ya san aikinsa ta wannan zai shigar da ku, da sassafe, ku ga masunta cikin kwalekwale da gidajen Makoko a kan turaku cikin ruwa. Ga mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Kaduna ba, wannan kaɗai ya isa labari.

Cikin Disamba 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa tsibirin ruwan igwa, suka kori Sarki Kosoko, suka mayar da Akitoye. Ran 6 ga Agusta 1861 ɗan Akitoye, Dosunmu, ya sa hannu a takarda ya ba da garin. Ku lura da wannan shekara. Turawa sun riƙe Ikko shekara 42 kafin su shiga Kano da Sakkwato cikin 1903. Fadar sarkin tana nan a tsohuwar unguwa da a ke kira Isale Eko. Babban jarumin Kosoko kuwa, Oshodi Tapa, Banufe ne, mutumin arewa.

A nan ne labarinmu ya shigo, shi ne kuma wanda ban cika jin masu nuni suna faɗi ba. Cikin 1857 wani jirgin ruwa na Turawa mai suna Dayspring ya bugi dutse a Kwara kusa da Jaba, ya farfashe. A cikinsa akwai wani hafsan jirgi, John Glover. A tafiyar ƙasa da ya yi tsakanin Kwara da Ikko ya san waɗansu Hausawa, bayi ne waɗanda suka gudu daga iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa, ya ga ƙarfin halinsu. Da ya sami mulkin Ikko, cikin 1863 sai ya tara irin waɗannan mutane ya ba su bindiga da kaki, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Rundunar sojan Nijeriya ta ce su 18 ne da fari, daga wannan shekara kuma ta ke ƙidayar haihuwarta har yau. Cikin 1873 da 1874 aka kai su yaƙin Asante. Daga wannan iri sojan Turawa suka yi ta tsiro a ƙasar nan, har Hausa ta zama harshen bariki. Waɗanda suka bi Turawa suka fasa ganuwar Kano, da yawansu da Hausa su ke magana. Kaduna ɗin nan da na ke zaune ina rubutu, ai don soja aka fara share ta cikin 1913, kafin a ɗauko hedkwata daga Zungeru cikin 1917. To, ashe akwai zare tsakanin tsibirin can da unguwarmu. Mai daɗi ne ko mai ɗaci, wannan kowa ya auna da kansa. Ni dai ba na zagin mutumin da aka kama shi yana yaro aka sayar, ya gudu, ya sami wanda ya ba shi tuwo da bindiga. Amma ina so yaranmu su san haka aka yi.

Unguwar Obalende, inda a ke cin tsire da dare, an ce asalinta mazaunin sojan nan Hausawa ce, waɗanda aka tashe su daga tsakiyar gari aka kai su can. Kusa da ita barikin Dodan ya ke, inda shugabannin soja suka zauna suka mallaki ƙasar nan tun 1966 har aka koma Abuja cikin Disamba 1991. Can ne Janar Murtala Muhammed ya nufa ran 13 ga Fabrairu 1976 aka harbe shi a hanya. Motar da ya ke ciki tana gidan kayan tarihi na Onikan, wanda aka kafa cikin 1957, da hujin harsashi a jikinta. Ban ga Bakanon da zai tsaya gabanta zuciyarsa ba ta motsa ba. Jifa kaɗan daga nan sai filin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu daren 1 ga Oktoba 1960. Duk waɗannan da ƙafa a ke zaga su cikin wuni guda.

Malamai kuma kada su bari a wuce da su ba su yi salla a masallacin Shitta ba. Ƙarami ne in an gwada shi da babban masallacin Juma'a wanda aka buɗe cikin 1988, amma ya girme shi nesa. Wani attajiri, Muhammadu Shitta, haifaffen Saliyo, shi ya gina shi da kuɗinsa, aka buɗe cikin Yuli 1894. Sarkin Musulmi na Istambul, Abdulhamid na biyu, ya aiko da wakili, wani Bature Musulmi na Liverpool mai suna Abdullahi Quilliam, ya kawo wa Shitta sarautar Bey. Gwamnan Ikko na lokacin ma ya halarta. Maginin kuwa ɗaya ne daga cikin mutanen da suka komo daga Barazil, shi ya sa fuskar masallacin ba ta yi kama da namu ba.

Su wane ne mutanen Barazil ɗin nan? Nan fa sai ku gyara zama. A farkon ƙarni na 19, sa'ad da yaƙe-yaƙe suka yi yawa a ƙasar Hausa da Nufe da Oyo, kamammu suka yi ta gangarowa kudu, hannu zuwa hannu, har bakin teku. Jiragen Fotugal suka kwashi da yawansu zuwa wani lardi na Barazil da a ke kira Bahiya, su yi aikin rake. Hausawan can ba su kwanta ba. Cikin 1807 aka tona wani shiri nasu na tawaye, cikin 1809 suka tashi, cikin 1814 suka sake tashi. Sa'an nan daren 24 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na watan azumi, Musulmin birnin Salvador, yawancinsu Yarbawa, da Hausawa a cikinsu, wajen mutum 600, suka fito da fararen riguna da takubba. Kafin gari ya waye sosai an murƙushe su. A jikin gawawwakin aka sami layu da takardu da rubutun Arabiyya, ayoyi da addu'o'i irin waɗanda almajiranmu ke rubutawa a allo, suna nan ajiye a gidan takardun gwamnati na Bahiya. Bayan wannan aka yi ta korar 'yantattu, waɗansu kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu, suka sauka Ikko da Wida da Ankara. Unguwar da suka kafa a tsibirin Ikko ita ce Popo Aguda, wajen dandalin Campos. Sun komo da gini da sassaƙa da ɗinki da girki. Gidajensu masu bene da tagogi masu ado suna nan saura kaɗan, suna kuwa ƙarewa. Ɗaya daga cikin mafi kyaunsu, wanda a ke kira Ilojo Bar, ko da ya ke yana cikin gine-ginen da doka ta hana a taɓa, an wayi gari cikin Satumba 2016 an rushe shi. Mai son gani ya hanzarta.

Yanzu, ko da za a yanke kome daga cikin tafiyar nan, kada a yanke Badagiri. Gari ne a yamma da Ikko, wajen kilomita 60, dab da iyakar ƙasar Benin. Ba a gama shi da gaggawa, sai a ba shi wuni cikakke, a tashi da asuba sabo da cunkoson hanya. A nan akwai gidan bene wanda 'yan mishan suka gina cikin 1845. Akwai kuma gidan wani mutum, Seriki Williams Abass, wanda shi kansa bawa ne da fari, aka kai shi Barazil, ya komo ya zama dillalin bayi, ya rasu cikin 1919. Seriki ɗin nan ba wani abu ba ne, sarki ne a bakin Yarbawa, don an naɗa shi Sarkin Musulmin garin. A gidansa akwai ɗakuna 40 na tsare bayi, waɗansu an bar su yadda su ke, ƙanana, da 'yar taga guda can sama. Za a nuna muku mari da sarƙa da ƙarfen da a ke ɗaura wa mutum a wuya, a ce ku ɗaga ku ji nauyi.

Daga nan sai a shiga jirgi a ƙetare tafki zuwa tsibirin Gberefu. A sauka, a bi wata hanya cikin rairayi da itatuwan kwakwar Attagara, tafiyar kusan rabin sa'a. A tsakiya akwai rijiya wadda mutanen wurin ke cewa a kan shayar da bayi ruwanta don su manta gida. Ƙarshen hanyar sai teku, ba gaɓa a gaba, ba kome sai ruwa da rugugin taguwa. Wurin nan sunansa da Turanci ma'anarsa inda ba a komowa. Wuri ne kyakkyawa ƙwarai, farin rairayi, iska mai sanyi, wannan kyaun kuwa shi ya ƙara masa ban tausayi.

Ja-gaban da bai san aikinsa ba zai ce muku Turawa suka zo suka kwashi mutane, ya yi shiru. Gaskiya ne sun kwasa, alhakinsu kuwa yana wuyansu. Amma Bature bai je Gobir ko Zazzau ya kamo kowa ba a zamanin nan. Wa ya kamo, wa ya sayar a kasuwa ta fari, wa ya karɓi wuri da alharini? Malamin da zai tsaya gaban yara ya koya musu tarihi ya kamata ya iya amsa wannan ba da kunya ba, ba kuma da ƙarya ba. Ga misali guda. Wani mutumin Gobir, sunansa Abubakar, an kama shi aka yi ta sayarwa har ya faɗa jirgin Fotugal. Jirgin yaƙin Ingila ya tare su a teku, aka 'yanta shi, ya zama ma'aikacin jirgi, Turawa suka sa masa suna Pasko. Cikin Disamba 1825 shi ne tafintan Clapperton sa'ad da ya tashi daga Badagiri ɗin nan zai tafi wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Clapperton ya rasu kusa da Sakkwato cikin Afrilu 1827. Baransa Richard Lander ya komo Badagiri, aka tuhume shi da leƙen asiri, aka ba shi gwaska ya sha, ya tsira. Cikin 1830 Lander da ƙanensa suka sake tashi daga nan, da Abubakar tare da su, suka bi Kwara daga Busa har inda ta shiga teku. Littattafan makaranta sun ce su Lander suka gano bakin Kwara. Wanda ya yi musu magana da mutane a hanya, ya tambayo musu abinci da jirgi, ba a cika ambatonsa ba. Ku tambayi ja-gabanku ko ya san Abubakar Pasko. In bai sani ba, ku gaya masa.

Sai zancen ciki, don masu tallan nan da hoton abinci su ke jan mutane. Abincin bakin teku kifi ne, ɗanye da banda, da ƙaguwa da jatan lande, cikin miya mai manja da barkono wanda zai sa baƙo hawaye, a ci da teba ko amala. Da safe akwai wake da aka dafa ya yi luguf, a zuba masa soyayyen barkono, a haɗa da burodin Agege. Zuriyar mutanen Barazil suna da wani wake da su ke dafawa da madarar kwakwa, sunansa firijon, su kan yi shi lokacin Ista. Ƙosanmu kuwa ya ƙetare teku tare da bayi, har yau mata suna soya shi da manja a titunan Bahiya, suna kiransa akaraje. Malamai sun sani a mazhabarmu ta Maliku abin da ke zaune cikin teku halal ne, ruwan teku kuma yana alwala, sabo da haka kada ƙyama ta hana ku ɗanɗana. Nama ne abin tambaya. A otal ɗin da ba ku sani ba, ku tambayi wa ya yanka, ko ku tsaya ga kifi, da dare kuwa ku nufi Obalende wurin 'yan'uwanku masu tsire. Wanda cikinsa bai saba da manja ba ya tafi da ƙullin garin kunu da ƙuli-ƙuli, ba abin kunya ba ne.

Teku fa ba kogin Kaduna ba ce. Taguwar gaɓar nan tana da ja, ta kan ɗauke ƙafar mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa, gwanayen iyo ma ta ci su. Tsohon bakin tekun nan da iyayenmu ke ba da labari, Bar Beach, babu shi yanzu, tun wajen 2009 aka fara cike wurin da yashi ana gina sabon gari. Mai son wurin da ruwa ya ke kwance sai Tarkwa Bay, wanda jirgi kaɗai ke zuwa. Kada kowa ya shiga jirgi ba rigar ruwa a jikinsa, kada a yarda a yi lodi fiye da kima, kada kuma a hau ruwa bayan magariba, ko da mai jirgi ya rantse. Ku sani kuma a waɗansu wuraren shaƙatawa akwai kiɗa da giya da shigar da ba irin tamu ba. Wanda zai tafi da iyalinsa ya faɗa wa madugu tun a gida, a zaɓi wuri da lokaci. Safiyar ranar aiki ta fi yammacin Lahadi.

Lokacin tafiya: daga Afrilu zuwa Yuli ruwan sama ya kan yi yawa a can har tituna su cika. Cikin Agusta ya kan ɗan ɗauke, ya kuwa yi daidai da dogon hutun makaranta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rani ne, amma ƙarshen Disamba garin ya kan cika da baƙi, kuɗin masauki ya hau. Jirgin ƙasa na zamani da ke tashi daga Rigasa tun 2016 iyakarsa Abuja, wanda ke tashi daga Ikko tun 2021 kuma iyakarsa Badun, tsakaninsu sai mota, ko kuwa a hau jirgin sama tun daga farko. In mota ce, tafiyar rana kaɗai, madugu kuma ya tambayi labarin hanya kafin a ɗaura kaya. Nisan ya wuce mil 48 nesa ba kusa ba, sabo da haka akwai kasaru a hanya, amma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a can sai ya cika sallarsa.

Saura madugu, wanda shi ne kan maganar. Wani maƙwabcina ya taɓa ba wani mai shirya tafiya kuɗinsa, bai karɓi ko guntuwar takarda ba, sabo da mutumin yana da fara'a, yana kuma yawan ambaton Allah. Da ranar tashi ta zo wayar mutumin a kashe, ofishin kuma an sa kwaɗo. Har yau maganar tana gaban masu sulhu. To, kafin ku ba da ko kwabo, ku je ofishin da ƙafarku, ku ga takardar rajistar kamfanin, ku duba ta wurin hukumar rajista, abin da a ke iya yi yanzu ta waya. Ku nemi mutum biyu waɗanda suka taɓa binsa, ku ji daga bakinsu. A rubuta yarjejeniya, a faɗi sunan masauki, da mutum nawa a ɗaki, da abinci sau nawa a rana, da ko kuɗin shiga gidajen tarihi da na fito suna ciki, da abin da za a mayar muku in tafiya ta fasu. Kalmar nan "da sauransu" ita ce ramin da a ke binne kuɗin mutane, kada ku yarda da ita. Ku biya rabi ta banki, da sunan kamfani, ba da sunan wani yaro ba, sauran sai an isa. A sa lokutan salla cikin tsarin kowace rana, don ja-gaban da ba Musulmi ba ba mugunta ke sa ya manta ba, rashin sani ne. Kuma ku tambaya da wane harshe za a yi muku bayani. In cikinku akwai dattawa da mata waɗanda ba su jin Turanci, kuɗinsu ya tafi a banza in ba tafinta.

In kuwa kamfanin da ya cika waɗannan bai samu ba, malamai goma sha biyu sun isa su zama ayari da kansu. Su zaɓi mai amana guda ya riƙe kuɗi, mai ilmin tarihi guda ya yi karatu tun wata guda kafin tashi, su rubuta wa Sarkin Hausawan unguwar da za su sauka, su ɗauki mota guda. A Badagiri da Onikan akwai masu nuni na wurin, ana biyansu kaɗan. Kowa ya tafi da littafin rubutu, in an komo a karanta wa yara.

Ina roƙon masu karatu na Obalende da Agege da Idi Araba, in akwai dattijon da ya gaji labarin sojan Glover daga kakanninsa, ko wanda ya san ja-gaba mai jin Hausa a Badagiri, ya rubuto wa Edita, za a buga. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan amsa takardar wanda ya yi tambaya a kan tsibirin Foge, wanda ruwan Kainji ya shanye cikin 1968.

Haza wassalam.

Naku,
Mai Zancen Mako,
Unguwar Mu'azu, Kaduna.